Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakunan Zango, Limamai da Shugabannin 'Yan Kasuwa na Kumasi Kan Kurmi da Halittun Cikinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayenmu, Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi da sauran sarakunan zango-zango. Allah gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na unguwanni. Gaisuwa ga iyayenmu mata Magajiyoyi, da Sarkin Fawa, da shugabannin 'yan goro, 'yan gawayi, masu maganin gargajiya da masu sayen zinariya. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ina neman izini in yi magana a gabanku kan kurmin ƙasar nan ta Gana da kogunanta da ire-iren halittun da Allah Ya zuba a cikinsu, waɗanda suke ƙarewa a kan idonmu.

Duk lokacin da aka ɗauko wannan zance a zango, amsar kusan iri ɗaya ce. A ce ƙasa ta sarakunan Asante ce, doka ta gwamnati ce, katafila kuma ta masu hannu da shuni ce. Mu mazauna birni ne masu neman na tuwo, mene ne namu a ciki? In ka saurari jami'in gwamnati, shi ma cewa yake jama'a ne ba su da kunnen ji. Mai kamfani ya zaro takarda ya ce ga lasisinsa. Kowa ya sami wanda zai ɗora wa laifi, daji kuwa yana ta tafiya. Abin da ya sa na kawo kukana gabanku shi ne hannunmu na cikin wannan ɓarna, abincinmu kuma na cikin abin da ake ɓarnatarwa. Sannan ku ne kuke zama da ɓangarorin nan uku a tabarma ɗaya: talaka yana bayanku a sahun salla, ɗan kasuwa yana zuwa gaishe ku, ɗan siyasa kuma ba ya shiga zaɓe sai ya durƙusa a zaurenku.

Kun fi ni sanin cewa kurmi ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakunansu, su yi watanni a hanya da kanwa da tufafi da fatu, su sauka a Salaga ta ƙasar Gwanja, su koma da goro. Goron nan ba a Salaga yake fitowa ba, daga kurmin Asante ake ɗauko shi a ka. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, Turawa kuma suka kama Kumasi a 1896, sai ciniki ya gangaro kudu, mutanenmu suka biyo shi har gindin itacen.

Itacen goro kuwa ɗan kurmi ne. Yana son ruwan sama mai yawa, da laima a ƙasa, da inuwar manyan itatuwa tun yana ƙarami, kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Wanda ya taɓa shiga rumfar 'yan goro ya ga yadda aikin yake. Mata na zaune suna ɓare fata, suna ware fari da ja, suna tsince wanda sankara ta taɓa don kada ya ɓata saura. A shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi a kwando, a jera goro, a yayyafa ruwa, a rufe, a ɗaure huhu. In an kwana biyu a kwance, a duba, a sake ganye. Shi kansa ganyen a damshin kurmi yake tsirowa. Ranar da katafila ta shiga gona ba ta tambayar wannan koko ne ko goro ne; kwashe ƙasar sama take yi ta tara gefe, ta bar rami cike da jan ruwa. Ɗan goro a Kumasi yana ganin farashi na hawa, yana zargin kuɗin mota da faɗuwar darajar kuɗinmu sidi, kuma lallai suna ciki. Amma ina so ya tambayi mai kawo masa kaya, gonaki nawa ne a ƙauyensu suka koma rami a 'yan shekarun nan.

A watan Fabrairun 2025 ministan filaye da albarkatun ƙasa, Emmanuel Armah-Kofi Buah, ya gaya wa majalisar dokoki cewa daga cikin gandayen dajin gwamnati 288, 'yan galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun afka wa 44, kuma tara daga ciki ma'aikatan hukumar gandun daji ba su isa su taka ba saboda 'yan bindigar da ke gadin ramukan. Wasu daga cikin waɗanda suka fi shan wahala a yankinmu suke, irin su Apamprama da gandun Kogin Oda. A kogi kuwa injin wanke zinariya da ake kira canfan ne zaune a kan ruwa dare da rana, yana zuƙo yashin ƙasa yana amayar da laka. Hasken rana ba ya ratsa irin wannan ruwa, tsirran ciki su mutu, wuraren da kifi ke zuba ƙwai su binne. Sai a zo ga zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba. A murza ta da hannu cikin baƙin yashi ta kama zinariya, a ɗora dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi hayaƙi. Yaron da ya sunkuya kan wutar ya shaƙi rabonsa, saura ta sauka a ƙasa da ruwa. Zaiba ba ta ruɓewa. Tana shiga ƙaramin kifi, babba ya haɗiye shi, daga nan sai tukunyar miya, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta jariri ta fi yi wa illa. Gana ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba tun 2017, amma har yau samunta a garuruwan haƙa ba wuya. A Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya bayyana cewa a matatar Sekyere Hemang da ke kan Kogin Pra kaurin lakar ruwa ya kai maki 14,000, alhali don 2,000 aka gina matatar. Mutanen Cape Coast da Elmina suka shiga ƙarancin ruwa.

Ranku ya daɗe, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga Aboabo, daga Sawaba, daga Asawase, yaranmu na tafiya ramukan nan. Wani ya dawo da babur sabo fil, unguwa ta ɗauka an ce ya samu. Wani ya dawo da tarin da ba ya jin magani. Wani kuma labarinsa kawai ake kawowa, rami ya rufta, ko gawa ba a samu an yi wa sutura ba. Akwai namu masu kai man dizal, da masu gyaran injin, da masu kai abinci, da masu sikelin awon zinariya waɗanda ba sa tambayar daga wane rami ta fito. Akwai kuma, in an yi mini afuwa, masu ba da laya da rubutun sha don kada soja ya gani. Ba na ɗora yaron da ya gama sakandare ya rasa aikin yi a sikeli ɗaya da mai katafila. Kuɗin katafila ɗaya ya fi abin da yaron zai tara a tsawon rayuwarsa, kuma mai ita ba ya kwana a bakin rami. Amma idan mai katafilar ya zo da buhunan siminti ya ce gudummawa ce ga ginin masallaci, aka ambaci sunansa a lasifika aka sa masa albarka, to an gaya wa duk yaron da ke sahu hanyar da zai bi. Liman yana da damar ya tambayi mai gudummawa sana'arsa, yana kuma da damar ya ce a mayar masa da kayansa.

Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a dajin Adansi da mutum takwas, cikinsu har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Obuasi za su, wajen taro kan gyara harkar haƙar ma'adinai. Mun yi musu addu'a a masallatanmu, Allah Ya jiƙan musulminsu Ya ba iyalan duka haƙuri. Aikin da suka fita dominsa yana nan bai ƙare ba.

Bari in zo ga wata halitta da ba wanda ke yi wa kuka, wato ungulu. Dattawa sun san yadda take a garin nan. A mayanka, a bayan kasuwa, a kan rufin kwano, ka gan su jere suna jiran mahauci ya jefar da abin da ba a so. Kafin a wanke wuƙa sun share wurin. Mun saba cewa ungulu ba ta jewar banza, amma yau yaro zai iya tashi a Kumasi ya daɗe bai ga jewarta ba. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa wannan ungulu ta gari cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa ƙurmus. Dalilan sun haɗu ne. An sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Gubar da ake sa wa mushe don kashe karnuka ko namun daji tana kashe duk ungulun da ta sauka. Sai babban dalili, wanda ya shafe mu kai tsaye: ana farautarta don kai da ƙafa da ƙwai, a kai wa masu haɗa magani, wai don farin jini, ko ciniki, ko cin zaɓe, ko ganin gaibu. A 2020 a Guinea-Bissau an kashe ungulu sama da 2,000 da guba cikin 'yan makonni, an sami da yawa an yanke musu kai. Kayan nan kasuwannin magani na Afirka ta Yamma suke bi, mu kuma mun san harshen da ake ciniki da shi a rumfuna da yawa daga cikinsu.

Ungulu ƙwai ɗaya take yi a lokacin sheƙa. Wanda ya hau itace ya ɗauke ƙwan nan ya kashe zuriyar shekara guda. Cikinta kuwa yana da ƙarfin da ke narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe, abin da kare da ɓera ba sa iyawa, su sai dai su yaɗa. Indiya ta ga haka da idonta. Daga shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulun ƙasar, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru tare da su. Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, babu mai sana'ar da ungulu ta yi wa hidima kamar mahauci. Ina roƙo ka sa doka a tsakanin mutanenka cewa ba a kama ungulu a harabar mayanka, ba a barin baƙo ya kafa mata tarko, wanda ya ga mai yi kuma ya kai maganarsa gabanka. Masu maganin gargajiya kuma, ku kuka fi kowa sanin darajar saiwa da ɓawo da ganye, ku kuka fi kowa tafiya mai nisa yanzu kafin ku sami abin da iyayenku ke samu a bayan gari. Ƙungiyarku za ta iya cewa duk wanda aka ga kan ungulu a shimfiɗarsa ba ɗanta ba ne. Maganin da aka gina a kan da'awar ganin gaibu, malamanmu sun san hukuncinsa, ba sai na faɗa ba.

Ba ungulu kaɗai ba ce. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na tsuntsun aku da take da shi tun daga 1992, saboda kamu don sayarwa da sare manyan itatuwa masu kogo. Ɗan kunya, dabbar nan mai sulke a jiki, wanda in ya ji tsoro sai ya naɗe jikinsa mafarauci ya ɗauke shi da hannu, doka ta hana taɓa shi a kowane lokaci, amma ana ɗaga shi a gefen hanyar Kumasi zuwa Accra ana nuna wa masu motoci. Jemagun da ke rataye a itatuwan gidan zu kusa da kasuwar Kejetia, waɗanda ke rufe sama da magariba, mutane na ganin ƙazanta ce kawai, alhali su ne ke cin 'ya'yan itatuwa su kai irin nesa su zubar, har da irin itacen odum da ake tinƙaho da katakonsa. Doka ta rufe farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, domin lokacin ne namun daji ke da ciki ko goyo. Gyazbi kaɗai aka bari, shi ma da lasisi. Mutum nawa ne a zango suka taɓa jin wannan daga bakin wanda suke girmamawa? Mai sayen gada a watan Satumba ba mugu ba ne, galibi bai sani ba ne.

Akwai kuma ƙananan halittun da ido ba ya kula da su. Furen koko wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke yi masa barbara, yana hayayyafa a ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko a ƙarƙashin inuwa. In aka sare itatuwan inuwa aka yi ta feshi ba ƙa'ida, ƙwaron ya ragu, fure ya zube bai zama 'ya'ya ba. Daga 2017 hukumar koko ta ƙasa, Cocobod, ta riƙa ɗaukar dubban matasa aiki suna bin fure ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki suna yin barbarar da hannu. Aikin da Allah Ya sa ƙwaro yi kyauta, ga ƙasa tana biyan albashi a kansa. Masu shagunan maganin feshi a Kejetia, akwai namu a cikinsu. Sayar wa manomin da bai iya karatu ba kwalba, ba tare da an gaya masa awo da lokacin fesawa ba, cin amana ne ko da an ba shi rasit.

Maganar gawayi tana da nauyi, domin babu gidan da ba ta shiga. Mai waake, wato shinkafa da wake, mai koko da ƙosai, mai tsire, mai tuwo, duk da shi suke ci da 'ya'yansu. Ba zan ce wa uwar da ke tashi da asuba tana hura wuta ta daina ba, alhali kuɗin gas ya fi ƙarfinta. Amma manyan motocin da ke shigowa daga Kintampo da arewa shaƙe da buhuna har sun karkace, kowane buhu itace ne da ya tsaya shekaru. Mafi ciwo shi ne kaɗanya da ɗorawa suna shiga ramin gawayi. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta ciyar da mata da man kaɗe har jikoki. Ɗorawa ce daddawarmu. Dillalin gawayi na gane itace daga nauyin gawayin da ƙarar da yake yi, ba sai an gaya masa ba. In shugabannin 'yan gawayi suka haɗa baki suka ce ba su karɓar na kaɗanya da ɗorawa, cikin damina ɗaya labari zai kai ga masu ƙonawa. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin mota kuma za ta iya neman fili ta dasa itatuwa masu saurin girma don gawayi. Murhun nan mai yumɓu a ciki da ake sayarwa a kasuwa yana rage cin gawayi sosai; Magajiyoyi za su iya sa shi cikin adashi, su sa shi cikin kayan ɗakin amarya.

Rafin Aboabo ba sai na kwatanta muku shi ba, ta ƙofar gidajenmu yake wucewa. Ledar ruwa, robar abinci, jini da tumbi, baƙin mai daga garejin makanikai, wani lokaci har da abin da bai kamata a ambata ba. Ana jiran hadari ya haɗu a fito da shara a juye a lambatu, wai ruwa zai tafi da ita. Tafiya kuwa yake da ita, ya haɗe da Sisa, ya gangara Kogin Oda, inda masu lambu ke ɗiban ruwan suna ba latas da kabejin da za su dawo mana kasuwa. A ɗaya gefen gari haka rafuka ke kwasar dattin unguwanni suna zubawa a madatsar Owabi, wadda aka gina tun 1928, dajin da ke kewaye da ita kuma ya shiga jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 1988. Gidaje na cin gefen dajin kullum. Wanda ya sayar da filin ya san na ruwa ne, wanda ya ba da izinin gini ya sani, wanda ya saya ma sau da yawa ya sani. In dillali ya kawo wa ɗan zango fili mai araha a bakin ruwa, ya kamata a sami dattijon da zai ce masa ya haƙura.

Idan muka gyara namu, bakinmu zai yi nauyi a gaban masu kamfani. Su ne ke shigo da katafila ta tashar Tema, kuma kowace na da lamba da sunan wanda ya saya. Babu dalilin da za a kama injin a tsakiyar gandun daji a ce ba a san mai shi ba. Kamfanonin ruwan leda na samun riba a kowane lungu na zango, sai su bar mana ledar; wanda ya san hanyar kawo kaya ya san hanyar kwashe ɓawonsa, ya kafa wuraren saye ya biya masu tsinta farashi na mutunci. Mai lasisin haƙa doka ta ɗora masa cike rami da mayar da ƙasar sama in ya gama, ba alfarma ba ce. Masu sayen zinariya kuwa, tunda a 2025 an kafa hukumar zinariya ta GoldBod aka ce duk zinariyar ƙananan mahaƙa ta hannunta za ta bi, to a san ramin da kowane giram ya fito. In ba haka ba, zinariyar da aka kashe kogi dominta za ta shiga ta ƙofar gwamnati ta fito da tambari.

Gwamnati ce ke da kaso mafi girma, domin ita ke da bindiga da kotu da alƙalami. Ita da kanta ta kawo dokar L.I. 2462 a 2022, wadda ta buɗe ƙofar haƙa a gandayen daji, har sai da ƙungiyoyin ƙwadago da malaman jami'a da shugabannin addini suka yi ta kuka a kanta. Ita ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2 da kamfanin Sinohydro a 2018, wadda ta jefa kurmin Atewa cikin barazanar haƙar ma'adinin boksait, alhali daga can Densu da Birim da Ayensu suke tasowa, Densu kuma ita ke cika madatsar Weija da 'yan'uwanmu na Accra ke sha. An sha hana fitar da katakon madobiya daga arewa, an sa ta a 2017 cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin itatuwa da namun dajin da ke cikin haɗari, amma kwantena ba su daina tafiya Sin ba. Ƙungiyar bincike ta EIA ta ƙiyasta a 2019 cewa an sare kimanin itatuwa miliyan 6 tun 2012. Aisha Huang, 'yar ƙasar Sin wadda ta yi galamse a yankin nan, an mayar da ita ƙasarsu a 2018 ba tare da an ƙarasa shari'arta ba, ta dawo, sai a Disambar 2023 kotu ta ɗaure ta shekara huɗu da rabi. Manyan jam'iyyun ƙasar nan biyu kowace ta yi mulki, kowace ta yi alkawari, don haka kada wani ya mayar da maganata ta jam'iyya.

Dashen itatuwan da ake yi kowace shekara tun shirin gwamnati na Green Ghana a 2021 abu ne mai kyau, yaranmu na makaranta ma suna fita. Sai dai gonar itacen tik ba kurmi ba ce. Ka shiga ƙarƙashinta ba ka jin kukan tsuntsaye iri-iri, ba katantanwa, ba naman kaza, ba saiwar magani. Kurmin Bobiri da ke kusa da mu yana da malam-buɗe-littafi kusan iri 400, kuma babu kwangilar da za ta iya dasa wannan. Tsare wanda yake tsaye ya fi araha, ya fi amfani. Gana na cikin ƙasashen da suka amince a Montreal a Disambar 2022 cewa za a tsare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwan duniya nan da 2030. A 2023 majalisa ta zartar da sabuwar dokar namun daji wadda ta ba al'ummomi damar kula da dajin yankinsu. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Ma'aikacin gandun daji ne ake turawa da sanda ya fuskanci masu bindiga, in ya kama mutum kuma waya ta zo daga sama a ce a sake shi. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya sauke sarakunan da aka samu da hannu a galamse, ya nuna cewa sarauta na iya hukunta nata. Abin koyi ne gare mu.

Malamanmu, ku kuka karantar da mu a Suratul An'am cewa babu wata dabba a bayan ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa, face al'ummomi ne irinmu. Ku kuka karantar da mu cewa musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Muna jin huɗuba kan riba da zina da shaye-shaye, kuma sun cancanta. Wanda ya zuba zaiba a kogin da dubban mutane ke sha, ko ya juye shara a rafin da maƙwabcinsa na ƙasa ke ban ruwa da shi, shi ma haƙƙin bayin Allah ya ɗauka, kuma ya kamata ya ji sunan laifinsa daga kan mumbari.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Roƙona shi ne Mai Martaba ya kira zama guda kafin 1 ga Agusta mai zuwa, a haɗa sarakuna da limamai da Magajiyoyi da shugabannin sana'o'in da na ambata, a gayyato jami'an sashen namun daji da na hukumar kare muhalli da majalisun Asokore Mampong da Kumasi. A wannan zama kowace sana'a ta faɗi abu ɗaya da za ta daina da bakinta, a rubuta, a karanta a masallatan Juma'a da Hausa da Twi, a ware Juma'ar ƙarshen Yuli don huɗuba kan rufe farauta. A nemi majalisun su ajiye manyan kwandunan shara a gaɓar rafin Aboabo su kuma faɗi ranakun kwashewa, domin ba a hana mutum zubar da shara a rafi ba a nuna masa inda zai kai ba. A nemi Asusun Raya Zango, wanda aka kafa a 2017, ya fito da kuɗin koyon sana'a ga yaran da suka yarda su baro rami. Duk ɗan takarar da ya zo neman albarka kuma, a tambaye shi a gaban jama'a ko yana da katafila ko hannun jari a haƙa, a rubuta amsarsa a ajiye. Matasa masu karatu a zango za su ɗauki nauyin rubuce-rubucen da kai takardu in kun ba da umarni, ni ma ina cikinsu.

Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Ɗanku,
daga Aboabo, Kumasi